Ilimin Gado da Abokan Gaba na Halitta a Yaƙi da Tsutsar Amfanin Gona

Yawancin tsutsotsin da ke huda masara, gero, wake, tumatir da auduga 'ya'yan malam-buɗe-littafin dare ne, wato ƙwarin nan masu fukafukai huɗu da ke taruwa a jikin fitila da daddare. Danginsu ɗaya da asu mai cin tufafi, kuma masana sun san nau'o'insu kusan 160,000, ko da yake kaɗan ne daga ciki ke cutar da manomi. Rayuwar kowannensu hawa huɗu ce: ƙwai, sai tsutsa, sai kwanciya a cikin kwanso, sannan babban ƙwaro mai tashi. Babban ƙwaron ba ya cin ganye. Ruwan fure yake tsotsa, aikinsa kuwa barbara da saka ƙwai. Tsutsar ce ke yin ɓarna. Da ta ƙyanƙyashe takan kutsa cikin kara ko kwanson wake ko ɗan tumatir, inda maganin feshi ba ya isa gare ta da sauƙi. Wannan ne ya sa masu bincike suka karkata ga hanyoyi biyu da ke tafiya tare: sakin halittun da ke kashe tsutsar, da amfani da ilimin gado wajen raunana zuriyarta.

Manyan maɓarnata a gonakin Afirka ta Yamma

Tsutsar masara da masana ke kira Spodoptera frugiperda 'yar asalin nahiyar Amurka ce. A farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a Najeriya, Benin, Togo da tsibirin Sao Tome. Cikin shekara biyu ta mamaye yawancin ƙasashen kudu da Sahara, ta isa Indiya a 2018, Sin a 2019, sannan Ostareliya a 2020. Macen kan zuba ƙwai ɗari zuwa ɗari biyu a tari guda, tana iya kai dubu ko fiye a rayuwarta, kuma iska na taimaka mata ta yi tafiyar kusan kilomita 100 a dare ɗaya.

Tsutsar tumatir, Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, daga Kudancin Amurka ta fito. Ta shiga Sifen a 2006, ta bazu zuwa Arewacin Afirka, ta tsallako Sahara. A 2016 ta cinye gonakin tumatir a arewacin Najeriya har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Ita kuwa tsutsar wake, Maruca vitrata, fure da ɗanyen kwanso take ci, kuma a shekarar da ta yi yawa manomi na iya rasa kashi 80 cikin ɗari na wakensa. A yankin Sahel akwai murzuna, Heliocheilus albipunctella, mai sassaƙe zangarniyar gero tana barin layi a murɗe. Ta zama babbar annoba bayan farin shekarun 1970. Sau ɗaya take hayayyafa a shekara: takan kwanta a ƙarƙashin ƙasa duk rani, ta fito bayan saukar damina, daidai lokacin da gero ke fitar da kai.

Dalilin da ke sa maganin feshi daina aiki

Kowane ƙwaro na gadon halayensa daga iyayensa ta ƙwayoyin gado, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin miliyoyin tsutsotsi ba a rasa 'yan ƙalilan da aka haifa da wani ɗan bambanci da ke sa jikinsu narkar da guba, ko ya hana gubar kama inda ya kamata ta kama. Idan aka yi feshi, masu rauni su mutu, waɗannan 'yan ƙalilan su tsira su hayayyafa. Aka sake fesa magani iri ɗaya, sai zuriyarsu ta ƙara rinjaye. Tun da tsutsar masara kan kammala rayuwarta a cikin kusan wata guda a ƙasa mai zafi, shekaru kaɗan sun isa maganin ya koma kamar ba a fesa ba. Maganin bai lalace ba. Ƙwarin ne suka canza.

Tsutsar kabeji, Plutella xylostella, ita ce fitaccen misali. A 1953 aka gano ta daina jin maganin DDT a tsibirin Jaba na Indonesiya, kuma tun daga lokacin kusan babu rukunin maganin da ba ta bijire wa ba a wani wuri. Feshi barkatai yana da wata illa ta biyu: yana kashe zanzaro da gizo-gizo da tururuwa masu farautar tsutsa, waɗanda galibi sun fi ta saurin mutuwa domin a fili suke yawo. Idan tsutsar ta farfaɗo sai ta tarar babu mai tare ta.

Ilimin gado yana kuma taimakawa wajen gane maɓarnacin. Nau'o'i da yawa suna kama da juna a ido, amma binciken wani ɗan yanki na sinadarin gado na DNA kan bambance su. Da haka masana cibiyar binciken noma ta IITA suka tabbatar cewa tsutsar masarar da ta bayyana a 2016 baƙuwa ce, ba 'yar'uwarta da aka saba gani a Afirka ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna tana da kusanci da ta jihar Fulorida da tsibiran Karebiyan. Sanin asalin ƙwaro na nuna inda za a nemo abokan gabansa, da irin magungunan da mai yiwuwa ya riga ya saba da su.

Zanzaron da ke kashe tsutsa

Mafi amfani a cikin abokan gaban tsutsa su ne ƙananan zanzaro masu renon 'ya'yansu a jikin wani ƙwaro. Ba sa harbin mutum, wasunsu ma da ƙyar ido ke ganinsu. Akwai masu saka ƙwansu a cikin ƙwan maɓarnacin, irin su Trichogramma wanda bai kai milimita ɗaya ba, ta yadda zanzaro ne zai fito maimakon tsutsa. Akwai kuma masu farmakar tsutsar kanta.

Aikin da aka yi a Nijar kan murzuna na cikin misalan da suka fi nasara a Afirka. Zanzaron da ake amfani da shi, Habrobracon hebetor, ɗan gida ne. Macen kan harbi tsutsar ta shanye mata jiki, ta saka ƙwai a kanta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su tsotse ta. Matsalar ita ce a daji ba ya yawaita sai ƙarshen damina, bayan an riga an yi ɓarna. Saboda haka daga 2006 masu bincike a Nijar, Burkina Faso da Mali suka fara kiwonsa suna sakinsa da wuri. A Nijar cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ce kan gaba, daga baya Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da cibiyar ICRISAT suka shiga.

Dabarar ba ta bukatar na'ura. Ana kiwon zanzaron a kan tsutsar wani ƙwaron rumbu, Corcyra cephalonica, wadda ke rayuwa a kan tsabar gero. Sai a zuba gero kaɗan a ƙaramar jakar algarara, a saka waɗannan tsutsotsi tare da matan zanzaro da aka riga aka barbara, a ɗaure. Ana rataye jakunkunan a bishiyoyi ko jikin rumbuna, kimanin goma sha biyar a kewayen ƙauye ɗaya, lokacin da gero ya fara fitar da kai. Bayan mako guda da 'yan kwanaki sababbin zanzaro kan fito ta ramukan saƙar jakar su bazu cikin gonaki har nisan kilomita da dama, suna ci gaba da hayayyafa a kan murzuna. Gwaje-gwaje sun nuna ana iya kashe har kusan kashi 80 cikin ɗari na tsutsotsin, amfanin gona kuma ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Zanzaro bai san iyakar gona ba, don haka aikin na ƙauye ne baki ɗaya. Kuma da yake yawansa na raguwa ƙwarai da rani, sai an maimaita sakin kowace shekara, abin da ya sa aka koya wa ƙungiyoyin manoma kiwonsa da sayar da jakunkunan.

Wani lokaci daga ƙetare ake kawo abokin gabar. A 1993 aka saki zanzaron Cotesia flavipes, wanda aka ɗauko daga Pakistan, a gaɓar tekun Kenya domin rage tsutsar kara ta Chilo partellus da ita ma daga Asiya ta zo, kuma ya zauna ya bazu. A 2016 IITA ta saki nau'i biyu na zanzaron Asiya a Benin da Burkina Faso kan tsutsar wake. Kafin irin wannan saki dole a killace ƙwaron a gwada shi, a tabbatar ba zai koma kan ƙwari masu amfani ba. Game da tsutsar masara kuwa, masu bincike sun tarar zanzaron Telenomus remus mai lalata ƙwanta ya riga ya kasance a ƙasashe da dama na Afirka, har da Nijar da Benin.

Ƙwayoyin cuta da irin shuka mai kare kansa

Tsutsa ma tana kamuwa da cuta. Akwai ƙwayoyin bairos da ke kama nau'i ɗaya ko 'yan nau'o'i masu kusanci, kuma ana sarrafa su a fesa kamar magani. Mafi shahara dai ita ce ƙwayar bakteriya ta ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, a taƙaice Bt. Masanin Japan Shigetane Ishiwata ya gano ta a 1901 a jikin tsutsar siliki, sannan Ernst Berliner ya sake gano ta a Jamus a 1911. Tana yin wani furotin da ke narkewa a hanjin tsutsa, ya manne a bangon hanjin ya huda shi, tsutsar ta daina ci ta mutu cikin 'yan kwanaki. Hanjin mutum da na dabbobi ba su da wuraren da furotin ɗin ke mannewa, shi ya sa aka shafe gomman shekaru ana fesa ta har a gonakin da ba a amfani da maganin zamani.

Daga 1996 aka fara sayar da irin masara da auduga da aka dasa wa ƙwayar gadon da ke yin wannan furotin, ta yadda shukar ke kare kanta har cikin kara. A Najeriya Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta samar da wake mai jure tsutsar Maruca tare da gidauniyar AATF da hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, CSIRO. Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. Hukumar NBMA mai sa ido kan irin waɗannan halittu ta amince da shi a Janairun 2019, aka fitar da shi ga manoma a Disambar shekarar da sunan SAMPEA 20-T. Manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas yana iya tsayawa a sau biyu. Feshin bai ƙare gaba ɗaya ba domin furotin ɗin ba ya taɓa ƙwarin da ke tsotse fure da kwanso, haka nan ba ya hana wake ƙwari a rumbu. A Janairun 2024 aka fitar da masarar TELA mai jure tsutsar kara da tsutsar masara, Ghana kuma ta fitar da nata waken a shekarar. Har yanzu ana muhawara a Najeriya kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado: wasu ƙungiyoyi na nuna damuwa kan lafiya da muhalli da mallakar iri, hukumomin da suka tantance shi kuma na cewa bai da illa.

Irin shuka mai Bt ma tsutsa na iya bijire masa. An ga haka a Puwato Riko wajen 2006 ga tsutsar masara, a Afirka ta Kudu ga tsutsar kara ta Busseola fusca, da Indiya ga tsutsar auduga mai launin hoda. Rigakafin da ilimin gado ya bayar shi ne keɓe wani ɓangare na gona a shuka iri na gargajiya. Sau da yawa tsutsa ba ta jure furotin ɗin sai ta gaji ƙwayar juriya daga uwa da uba duka. Ɓangaren da aka keɓe na fitar da ɗimbin ƙwari marasa juriya, sai 'yan tsirarun da suka tsira daga Bt su yi barbara da su, 'ya'yan su zo da kwafi ɗaya kawai, shukar ta kashe su. A Amurka, inda aka bi wannan ƙa'ida, audugar Bt ta daɗe tana aiki kan tsutsar mai launin hoda. A Indiya, inda ba a bi ta sosai ba, tsutsar ta bijire cikin 'yan shekaru.

Sakin maza marasa haihuwa

Da ɗan gari akan ci gari. A kan haka dabarar da masanin Amurka Edward Knipling ya ƙirƙiro ta ginu: a kiwata ƙwaron da yawa, a haska masa hasken gamma har ya rasa haihuwa, a sake shi ya rinjayi mazan daji. Macen da ta haɗu da irin wannan namiji ƙwanta ba zai ƙyanƙyashe ba. An fara tabbatar da dabarar a 1954 a tsibirin Kurasawo kan wani ƙuda mai cin raunin dabbobi.

Malam-buɗe-littafin dare ya fi ƙuda jure hasken, kuma dalilin yana cikin zaren gadonsa. A yawancin halittu, guntun zaren da haske ya tsinka kan ɓace a lokacin rabuwar ƙwayar jiki. A wannan ƙwaro kuwa guntayen na iya ci gaba da wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Hasken da zai hana shi haihuwa gaba ɗaya yana da ƙarfin da zai raunana shi har ya kasa gasa da mazan daji. A farkon shekarun 1960 wani masani a Kanada, M. D. Proverbs, ya lura cewa idan aka rage hasken, namijin kan haifi 'ya'ya kaɗan, amma waɗannan 'ya'yan sun fi ubansu rashin haihuwa, kuma maza sun fi yawa a cikinsu. Ke nan saki ɗaya na yin aiki a zuriya biyu.

A kwarin Okanagan na Kanada an fara sakin ƙwari marasa haihuwa a 1994 kan tsutsar tuffa, kuma yawan na daji ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A Afirka ta Kudu an fara a 2007 a yankin Citrusdal kan tsutsar lemu. Babbar nasara ita ce ta tsutsar auduga mai launin hoda: an haɗa audugar Bt da sakin biliyoyin ƙwari marasa haihuwa daga jirgin sama, kuma a Oktoban 2018 Amurka ta sanar da kawar da ita daga yankunanta na noman auduga. Dabarar tana da tsada, tana bukatar masana'antar kiwon ƙwari da haɗin kan dukkan manoman yanki, kuma ta fi aiki a keɓaɓɓen wuri inda sababbin ƙwari ba sa kwararowa daga waje.

Sabon salo shi ne sauya ƙwayar gadon ƙwaron kai tsaye. Kamfanin Oxitec na Ingila ya samar da maza masu ɗauke da ƙwayar gadon da ke kashe 'ya'ya mata tun suna tsutsa. A ɗakin kiwo ana danne aikinta da maganin tetirasaikilin a cikin abinci. A gona kuwa 'ya'ya mata su mutu, maza su rayu, kuma ƙwayar na raguwa daga zuriya zuwa zuriya har ta ɓace idan aka daina saki. An gwada haka a fili kan tsutsar kabeji a 2017 a tashar binciken Jami'ar Cornell da ke Jihar Niyok, sannan a 2021 hukumomin Barazil suka amince da irinsa na tsutsar masara.

Ƙamshin barbara da tsarin shuka

Mace kan kira namiji da wani ƙamshi da yake ji daga nesa. Masanin Jamus Adolf Butenandt ne ya fara tantance irin wannan sinadari a 1959 daga ƙwaron siliki. A yau ana haɗa shi a masana'anta a saka a tarko. Yawan mazan da tarko ya kama na nuna wa manomi lokacin da ƙwaron ya iso, ya san ranar da ya dace ya saki zanzaro ko ya yi feshi. A manyan lambuna ana cika iska da ƙamshin har maza su kasa gano mata.

A Kenya cibiyar binciken ƙwari ta icipe, ƙarƙashin jagorancin Zeyaur Khan, ta fito a shekarun 1990 da tsarin kora da jawowa. Ana shuka wata ciyawa dangin wake, Desmodium, a tsakanin layukan masara. Warinta na korar uwar tsutsar kara, yana kuma jawo zanzaro. A gefen gona ana shuka ciyawar giwa, wadda ke jan ƙwaron ya saka ƙwai a kanta, amma ruwanta mai danƙo ya hana yawancin tsutsotsin girma. Desmodium na kuma danne ƙuduji, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, duka ciyayin biyu kuma abincin dabbobi ne.

Haɗa dabarun wuri ɗaya

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ke wadatarwa ita kaɗai. Zanzaro na rage tsutsa ne, ba ya ƙarar da ita. Iri mai Bt na bukatar ɓangaren da aka keɓe, in ba haka ba ƙarfinsa ya tafi. Sakin marasa haihuwa na bukatar kuɗi da tsari na yanki guda. Shi ya sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke ba da shawarar a haɗa su: shuka a kan lokaci, zagaya gona aƙalla sau ɗaya a mako, murƙushe tarin ƙwai da hannu a ƙananan gonaki, amfani da ruwan 'ya'yan dogon yaro ko maganin Bt tun tsutsa na ƙarama, da barin bishiyoyi da furanni inda abokan gabanta ke samun mafaka. Maganin feshi mai ƙarfi shi ne mataki na ƙarshe, idan ɓarna ta wuce abin da za a jure, kuma a riƙa sauya rukuninsa domin kada ƙwarin su gaji juriya gare shi.